Ni da Kyamara, Kashi na 9: Ranar da Na Koyi Barin Farfela Ta Juya

Makon jiya mun tsaya a shekarun da na yi ina fakon tsuntsaye a bakin ruwa. Zalɓe da shirwa da balbela su suka fara koya mini sana'ar nan, kuma abin da suka koya mini shi ne sauri. In kana son gashin fiffiken shirwa ya fito ɗaya bayan ɗaya tana sama, dole ƙyauren kyamara ya buɗe ya rufe cikin 1/2000 na daƙiƙa ko kusa da haka. Tun 1878 masu hoto ke bin wannan hanya, lokacin da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna wa duniya cewa doki mai sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya.

Da wannan sabo na je bikin nuna tsofaffin jiragen sama karo na farko. Akwai Douglas DC-3 a wurin, jirgin da irinsa ya fara tashi a watan Disamba na 1935, injinsa biyu, hancinsa a ɗage, wutsiyarsa zaune kan ƙaramar taya. Da aka tayar da injin hagu sai ya yi tari, ya feso farin hayaƙi, farfela ta juya a hankali kamar ba ta so, can sai ta kama. Ƙarar ta shiga har cikin ƙirjina.

Kusa da ni a jikin shinge akwai wani dattijo da tsohuwar jaka a kafaɗa. Na gaishe shi, ya amsa, ya dubi dogon gilashin da ke kan kyamarata, ya ce, "Ɗana, kai mai tsuntsaye ne ko?" Na ce, "Haka ne, Baba." Sai ya zaro hotuna biyu daga jaka ya miƙo mini. Jirgi ɗaya ne, rana ɗaya. A na farko komai tsaf, har ana ƙirga kusoshin jikinsa, amma farfela ta tsaya cak, rassanta uku a sandare. Wallahi sai ka ce injin ya mutu a sama, jirgin na shirin faɗowa. A na biyu farfelar ta zama da'ira mai shara-shara, hasken rana na wasa a gefenta, jirgin yana tafiya, da ransa. Ya ce, "Wanne ne ke tashi a cikinsu?" Shi ke nan, bai ƙara komai ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ce farfela mai rassa uku tana juyawa sau 1200 a minti, wato sau 20 a daƙiƙa. Kafin rassan su cike da'ira a hoto, sai kowanne ya ci sulusin zagaye, kuma wannan na ɗaukar 1/60 na daƙiƙa. A 1/250 za ka ga rassan sun ɗan baje, ya wadatar a ce akwai motsi. In ƙyauren ya fi 1/1000 sauri kuwa ka kashe ta. Matsalar ita ce a wannan jinkiri shi kansa jirgin zai dusashe, sai fa in ka bi shi da kyamara daidai da gudunsa. A nan aikin yake. Ka kafa ƙafafu, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, ka danna kana cikin juyawa, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. Da rana tsaka haske kan yi yawa, sai ka sauke ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 100, ka tsuke ramin gilashi zuwa f/11 ko f/16, ko ka ɗaura baƙin gilashin rage haske.

Akasarin abin da ka ɗauka a haka shara ne, gaskiya ke nan. A zamanin fim mai hoto 36 abin na da ciwo, domin sai an wanke kake ganin asararka. Amma guda ɗaya da ya fito yakan mantar da kai sauran.

Daga baya na kai wannan dabara wajen tsofaffin motoci. Volkswagen Beetle, wadda aka ƙera fiye da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, tana da kyau a tsaye, amma in ka bi ta a 1/60 tana wucewa, tayoyi na juyawa, bishiyoyin baya sun zama zane-zane, sai ka ga motar ta koma ƙuruciyarta. Ni dai har gobe ban yarda da hoton motar tsere da tayoyinta suka tsaya kamar an yi fakin ba.

Jirgin ƙasa mai tururi shi ya fi ba ni wahala, kuma shi na fi so. Abu biyu ke ja-in-ja a cikinsa. Sandunan ƙarfen da ke tura ƙafafunsa suna son jinkiri don a ga suna aiki, tururin da ke tashi sama kuwa yana son ɗan sauri don dunƙulensa ya fito. Nakan tsaya tsakanin 1/125 da 1/250, in fita da sassafe lokacin sanyi, domin a iska mai sanyi ne tururi ke yin fari ya yi kauri, da zafi kuwa nan da nan yake ɓacewa. Wurin tsayuwa ma sai an zaɓa: inda layin dogo ke hawa tudu, nan injin ke nishi da gaske. Kuma nesa da layi, bayan shinge, domin gilashi mai jawo nesa yana ruɗin ido, ba ka gane saurin da jirgin ke matsowa da shi.

Shi ya sa nake jin wani iri in na tuna Mallard, kan jirgin da ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938, gudun da babu wani mai tururi da ya karya har yau. Yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na York a Ingila, shuɗi, yana sheƙi, kowa na iya ɗaukarsa yadda ya ga dama, amma ba ya motsi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na koma daji da wannan sabon hannu, na gwada shi a kan garken barewa da ke gudu.