Bangon da ya tofar da fentina

Gidan da muke ciki a unguwar Harehills ta birnin Leeds a Ingila ya haura shekara ɗari. Irin jerin gidajen nan ne na jan bulo, bango manne da bango, galibinsu da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ba don zaman mutum aka yi ɗakin ba. Kwal ake jibgewa a ciki, ana zuro shi daga waje ta wata 'yar kafa, don haka danshinsa bai taɓa damun kowa ba. Ni kuwa ina ganinsa na ce Allah ya ba mu sito. Na sauke buhun shinkafa, littattafaina, da akwatunan uwargida.

Hunturu ɗaya ya ishe mu darasi. Fumfuna ta kama akwatunan, atamfofi suka ɗauki wari, bango ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa. Faɗan da na sha ba na rubutawa ba ne. Na garzaya kanti na sayo fentin da aka ce yana hana ruwa, na shafa har sau biyu. Wata uku bai cika ba ya kumbura kamar ƙuna, ya riƙa ɓarewa da kansa.

Wani dattijon magini da muke maƙwabtaka ne ya cece ni. Ya ce in manna leda a bangon, in like gefenta da salatif, in bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a fuskarta, laimar iskar ɗakin ce. In kuwa bayanta ne ya jiƙe, to ruwan ta cikin bulo yake fitowa. Tawa bayanta sharkaf. Maimakon ya tsaya duba bangon, sai ya ja ni waje. Ashe bututun da ke sauko da ruwan rufi ya tsage daga baya, duk ruwan da aka yi a gindin bango yake ƙarewa. Simintin tsakar gida ma wajen ginin ya karkata. Su kuma bulon nan masu huji-huji da aka sa don iska ta ratsa, wanda ya riga mu zama ya toshe su, wai sanyi.

Ya ce da farar ƙasa da yashi aka ɗaura bulon gidajen nan, ba da siminti ba. Irin wannan bango yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi a hankali. Ka rufe masa fuska, ruwan ya taru a baya, gishirin da ke tafe da shi ya tunkuɗe fentin. Yana magana ina tuna gidanmu na cikin birnin Zariya, shekarar da aka yi wa katangar ƙasa filastar siminti don a ce mun waye. Damina kaɗan ta riƙa ɓantarowa falle-falle, ƙasar ciki ta zama kunu. Alhali ɓangaren da ake yi wa yaɓen makuba yana nan daram. Kakanmu ya faɗa, aka ce tsufa ne.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Na canza bututu, aka gyara gangaren tsakar gida, na buɗe hujojin iska. Kankare fentin da buroshin ƙarfe shi ya fi cin raina, Asabar huɗu ina fama. Inda aka taɓa cusa siminti tsakanin bulo muka ƙwaƙule, muka mayar da farar ƙasa. Sai na kunna na'urar tsotse laima, na zauna jira, don magina a nan suna cewa bango inci ɗaya yake bushewa a wata.

Akwai hanyar masu kuɗi: a lulluɓe bango da wata roba mai ƙulle-ƙulle, ruwa ya bi bayanta ya gangara rami, inji ya riƙa tura shi waje. Wanda zai mai da wurin ɗakin kwana galibi ta nan yake bi. Ni sito nake so, kuma ba na sha'awar abin da in injin ya tsaya zan wayi gari da kududdufi a cikin gida.

Yanzu shinkafa ta koma ƙasa, amma a kan kantar ajiye kaya, nesa da bango taƙi guda. Uwargida dai ta ce ko bangon zai yi rantsuwa, atamfarta ba ta sake sauka.