Cinyar da muka bari a duwatsun Cinati

Mafarautan yammacin jihar Teksas ta Amurka kusan bakinsu ɗaya a kan ragon dutse: ƙahonsa da gemunsa ake nema, namansa ba ya ciwuwa. Wai tauri, wai wari. Ni kuwa a gidan fawa na tashi, tun ban kai in riƙe wuƙa ba nake riƙe wa babana ƙafar dabba yana fiɗa, don haka maganar ba ta shige ni ba. Da wani Alhaji ya ce in raka shi farauta kudu da garin Marfa, wajen duwatsun Cinati kusa da iyakar Meziko, na ce da sharaɗin naman nawa ne.

Dabbar ma asalinta daga wajenmu take. Ita ce ragon dutsen da ke tsaunukan Ayar a arewacin Nijar da Ennedi a Cadi, inda yanzu ya yi ƙaranci har ana kare shi. A Teksas an sake su a kwazazzabon Palo Duro a 1957 da 1958, wasu kuma suka ɓalle daga gandayen masu kiwo, suka yaɗu har suna takura wa tumakin dajin ƙasar na asali. Shi ya sa babu lokacin rufe farautarsu, babu iyakar adadi, lasisi kawai da izinin mai fili.

Alhaji ya yi bisimilla ya harba da hantsi, ragon ya gangara ya tsaya a kan wani falalen dutse. Da muka isa da sauran numfashinsa, na juya shi gabas na yanka. Nan mai yi mana jagora ya fara ɓata rai, wai na lalata fatar wuyan da za a cusa a rataye a bango. Daga nan ya karɓe ragamar komai. A ɗauki hoto ta nan, a gyara kai a sake ɗauka, a kawo tef a auna ƙaho a ga ko ya kai inci 30 ɗin da suke alfahari da shi. Sannan ya zauna yana zare fatar kai da ƙirji a hankali, ya ce kada wanda ya taɓa gangar jikin sai ya gama, don kada jini ya ɓata dogon gashin nan da ke zubowa daga maƙogwaro zuwa ƙafafun gaba.

Na ce, “Alhaji, rana fa tana yi. A bar ni in buɗe cinyoyin nan su sha iska.”

Ya ce, “Yi haƙuri Malam, aikinsa ne, kada mu yi masa katsalandan.”

Watan Oktoba ne, amma dutsen nan ba ka iya dafa shi da tafin hannu. Babban rago ya kan haura kilo 100, kuma duk nauyin nan yana kwance a kan ɓarin dama: zafin jiki daga ciki, zafin dutse daga ƙasa, fata ta rufe. Sai bayan azahar aka ba ni wuri.

Ban farke ciki ba. A irin wannan wuri, inda komai a bayanka za ka goya ka hau tudu, ba ka ɗaukar abin da ba za ka ci ba. Na tsaga fata ta tsakiyar gadon baya, na feɗe ɓarin sama, na ɗaga karfata na cire, na bi gaɓar ƙugu na ɓalle cinya, na zare dogon naman gadon baya tun daga wuya har ƙugu. Kowane yanki ya shiga buhun yadi, na rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Leda ba ta da amfani a nan, turara nama take yi. Ɓarin hagu lafiya lau, ja wur, ba wani wari.

Da muka juya shi na sa wuƙa a gaɓar cinyar dama, warin ne ya fara dukan hancina. Tsami-tsami, daga can jikin ƙashi. Daga waje naman kamar ba abin da ya same shi, amma da na buɗe kusa da ƙashin ya fara kore, ya yi yauƙi. Haka ɓacin nama yake a babbar dabba, daga inda tsoka ta fi kauri yake farawa, inda zafi ba ya samun hanyar fita. Na bi ina yankewa ko zan tsira da wani abu, warin ya riga ya ratsa. Cinya guda sukutum, mafi nama a jikin dabbar, muka bar wa ungulu. Jagoran namu ko a jikinsa, cewa ya yi ai dama ba a cin naman. Wannan maganar ta fi asarar ƙona mini rai, domin da hannunsa ya ɓata shi sannan ya ɗora wa dabbar laifi.

A sansani da dare na haɗa wuta da itacen meskit, ɗan uwan ƙiryarmu ne, garwashinsa na daɗewa. Na ɗauki naman gadon baya, na ɗaye farar jijiyar da ke lulluɓe da shi tas, na cire ɗan kitsen da ke jiki don a nan ƙarnin yake taruwa. Na yanka shi a kwance, ina katse zaren tsokar, siriri-siriri, na shafa man gyaɗa da yajin ƙuli da na taho da shi daga Dalas. Wuta mai ƙarfi, juyi biyu, a sauke. Naman ba shi da mai, in ya daɗe a wuta ya bushe ke nan. Alhaji ya ci ya ƙara, jagoran ma da ya ɗanɗana bai sake cewa komai ba.

Tauri kam akwai shi, tsohon rago ne da ya ƙare rayuwarsa yana hawan dutse. Amma wa ke gasa tsohuwar dabba kamar ɗan rago? Wuya da ƙwauri na yi farfesunsu a gida, awa huɗu a kan wuta kaɗan da citta da kanumfari da masoro, har nama ya saki ƙashi. Karfata biyu suka tafi dambun nama. Cinyar da ta tsira, bayan ta kwana biyu a kula cikin ƙanƙara ba tare da ruwa ya taɓa ta ba, na shimfiɗe ta fale-fale na yi kilishi. Rashin kitsen da suke kuka da shi shi ne abin da mai kilishi ke nema, ba ya yin ɗoyin mai ko ya daɗe a ajiye. Ina rabawa ’yan uwa a masallaci ina lissafin cewa da ninki biyu zan raba.

Alhaji ya ce mu koma baɗi. Na gaya masa sai an yi magana da mai jagora tun kafin a biya ko sisi: za mu yanka ta maƙogwaro, hoto minti goma, sannan cinyoyi su fita daga fata kafin kowa ya taɓa ƙaho. In bai yarda ba, a nemi wani.