Na kulle kekena, amma ban ɗaure shi da komai ba

Ɗan makullin yana nan cikin durowar keken ɗinkina, da zaren da na ɗaura masa. Keken hawan da yake buɗewa ne babu. Kullum na jawo durowar zan ɗauki allura sai na gan shi, sai abin ya dawo min sabo.

Ni tela ne a Kurna, cikin Kano. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin mai shiga kasuwa sau uku a mako irina. Na yi adashin wata huɗu na sayi keken hawa Phoenix baƙi na hannu, mai kariya a baya, daidai ɗaura bandir. Kusan wata shida muka yi tare.

A goman tsakiya na azumin 2024 ne, lokacin da ɗinkin sallah ya fara taruwa, na shiga Kantin Kwari ƙaro shadda yadi biyar saboda wadda aka kawo min ba ta isa ba. Ta ɓangaren Fagge na zo. Akwai wurin ajiya da ake biyan naira 100 a ba ka 'yar takarda, na wuce shi, don a lissafina minti goma zan yi. Na jingina keken jikin wata katanga a bakin titi, na danna makullin nan na taya wanda ke zuwa a jikinsa, mai shiga tsakanin wayoyin ƙafar baya. Na ji ya ce ƙas, na zare ɗan makullin, na shige. Taku uku daga inda na tsaya akwai fal ɗin wuta na kankare. Na gan shi da idona. Ba ni da sarƙa, kuma ban taɓa tunanin ina bukatarta ba.

Minti goman nan ta zama kusan awa guda. Kalar ba ta samu a shagon farko ba, mai shago na biyu kuma ya tafi azahar. Da na fito da ledata, katanga ce kawai.

Wani dattijo mai gyaran takalmi da ke zaune a inuwar wajen ya ga ina kai-kawo, ya kira ni.

"Ɗana, baƙin keke kake nema mai kariya?"

"Shi ne, Baba. Ka ga wanda ya taɓa shi?"

"Samari biyu ne. Ɗaya ya ɗaga bayan, ɗaya ya riƙe kan, suna tura shi a kan ƙafar gaba. Har na ce lafiya, suka ce makullin ne ya ɓace, wajen mai gyara za su kai shi. Suka tsayar da adaidaita suka saka. Wallahi na ɗauka nasu ne."

Ban ga laifin Baba ba ko kaɗan. Da ni ne a wurin, abin da zan ɗauka ke nan. Abin da ya fi ci min rai shi ne babu abin da suka fasa. Ba zarto, ba guduma, ba gudu. Makullina yana nan a kulle yadda na bar shi, ya yi aikin da aka yi shi domin sa, ya hana taya juyawa. Ni ne na ɗauka hana taya juyawa shi ne hana keke tafiya. Abin da yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya ɗagawa da hannu ɗaya, in ba a haɗa shi da abin da ba ya ɗaguwa ba, ai ajiye shi kawai aka yi wa mai ɗauka. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Na kuma yarda da cunkoso. Ina ganin wurin da mutane suka yi yawa haka ba wanda zai yi ƙarfin hali. Ashe yawan mutanen ne rufin asirin ɓarawo. Kowa na sauri, kowa da ƙishirwarsa, 'yan dako na ɗauke da kaya iri-iri, ba wanda ya san keken wane ne wannan. Mutum biyu ɗauke da keke ba abin kallo ba ne a bakin Kwari.

Washegari na je caji ofis na kai rahoto. Ɗan sandan da ya karɓe ni ya tambaye ni lambar jikin keken, na tsaya ina kallonsa. Ban san keke na da lamba ba. Yawancin kekuna ana buga musu ita a jikin ƙarfen, galibi a ƙasan gurbin da feda ke juyawa, sai ka kifa keken za ka gani, wasu kuma a ƙasan sirdi. Rasit ɗina "keke ɗaya" kawai aka rubuta da kuɗi. Sati biyu bayan sallah ina zagaya wuraren masu sayar da kekunan hannu, na ga wani da zuciyata ta ce nawa ne. An sake masa fenti, an canza sirdi, amma kariyar tana da irin lanƙwasar tawa ta hagu. Na daɗe tsaye a kansa. Ba ni da hujja, kuma ba zan ɗora wa bawan Allah sata a kan zato ba. Na juya na tafi. Har yau ban huce da wannan tsayuwar ba.

Sai bayan babbar sallah na iya sayen wani. Kafin ma na hau shi na biya Ƙofar Ruwa aka yanko min sarƙa mai kauri tsawon kamu biyu da rabi, na sayi kwaɗo mai nauyi, ba irin na akwati ba. Na zura sarƙar cikin tsohon tiyub don kada ta goge fenti ko ta dame ni da ƙara. Igiyar wayar nan mai rufin roba da ake sayarwa da arha, mai gyaran keken unguwarmu ya datse ɗaya a gabana da almakashin ƙarfe, ko numfashi bai ja ba. Tun daga nan na cire ta daga lissafi.

Yadda ake ɗaurin ma sai da na koya. Sarƙar ta ratsa ta cikin ƙarfen jikin keken, ta haɗa da ƙafar baya, sannan ta zagaye fal ko ƙarfen da ke binne a siminti. Wani yaron shagona ya taɓa ɗaure ƙafar gaba kaɗai da turke, ya dawo ya tarar da ƙafar tana jiransa, noti biyu kawai aka kwance. Kekunan zamani masu ɗan hannun da ake ɗagawa a cire taya ma ko sifana ba sa bukata. Ina kuma girgiza turken kafin na amince da shi, in gajere ne da za a iya zare sarƙar ta samansa, na wuce. Kwaɗon kuma ba na barinsa kwance a ƙasa, don a ƙasa ne guduma ke samun abin dokawa a kai.

Lambar jikin sabon na ɗauki hotonta a waya, na rubuta ta a bayan littafin awon kwastomomi, na sa mai sayarwar ya rubuta ta a rasit. Na naɗe 'yar takarda da sunana na tura cikin bututun sirdi, inda mai sake fenti ba zai leƙa ba.

Naira ɗarin nan kuwa yanzu ina biyanta ko zare ƙwaya ɗaya zan saya, kuma a can cikin wurin ajiyar ma sai na sa sarƙata. Ranar da wurin ya cika, sai na dawo jikin fal ɗin nan na kankare, wanda na gani na wuce. Baba yana nan a inuwarsa. Nakan tsaya mu gaisa na nuna masa keken.

"Baba, ga shi nan. Kowa ya ce makulli ya ɓace, ba ni na aiko shi ba."

"Je ka, ɗana. Idona na kai."