Ƙannena, kar ku zuba shinkafa tare da kaza

Ku 'yan matan da aka kawo Legas kwanan nan, ku zo ku ji abin da ya same ni da farfesun kaza mai shinkafa, don kar ku maimaita.

Shekarata ta farko a Agege, ruwan nan na watan Yuni da ba ya ɗaukewa ya yi wa maigida duka a hanya, washegari mura ta kwantar da shi ko shayi ba ya son gani. Na ce bari na yi masa irin wanda Inna take mana a Zariya in ba mu da lafiya. Aka sayo min tsohuwar kaza, irin wadda ta gama ƙwai, don ita ce mai romo, na wanke na ɗora, ina sauri na kawo shinkafa har gwangwani 2 na juye a kai lokaci ɗaya. Wallahi kafin naman ya yi laushi shinkafar ta shanye ruwan tas ta koma kamar tuwo, ƙasan ya kama, ƙauri ya cika ɗaki. Cokali biyu ya yi ya ajiye, bai ce komai ba, amma abin ya yi min ciwo sosai don tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

To ga abin da ban sani ba a lokacin. Tsohuwar kaza sai ta kai awa ɗaya da rabi a wuta, wani lokacin ma ta wuce, ta gidan gona kuwa minti 30 zuwa 40 ta nuna, ita ko shinkafa kamar minti 20 ne kawai. Don haka kaza ake fara dafawa ita kaɗai, da albasa da tafarnuwa da ɗanyar citta, ki daka masoro da kanumfari da kimba 'yar kaɗan, kimba in ta yi yawa ɗaci take. Wuta a hankali, kumfar da ta taso ki kwashe. Sai kin taɓa naman kin ji yana rabuwa da ƙashi sannan ki zuba shinkafa, kuma rabin gwangwani ya ishi tukunya, romo ake so a sha ba dafa-duka ba. Attarugu ɗaya ya isa in don mara lafiya ne. Daidoya a ƙarshe, in kin je kasuwar Mile 12 ba ki samu mai jin Hausa ba ki ce efirin, za su ba ki.

Kuskure na biyu shi ma ni na yi shi. Na bar ragowa a tukunya ta kwana, ba wuta firji ya huce, ga zafin Legas, da safe ta yi tsami dole na zubar, kaza guda fa. Dafaffiyar shinkafa ba ta son kwana a waje, tana ɓata ciki. Yanzu romo nake ɗiba a ƙaramar tukunya in dafa shinkafar da za a cinye a take, sauran romon in akwai wuta ya shiga firji, in babu in tafasa shi da dare in sake tafasawa da asuba.