Zagayen da Dattijo Ya Koya Mini

Ranar da aka haɗa ni da shi, na ɗauka tuƙi kawai zan koya. Na riga na ci jarrabawar lasisin manyan motoci a Amurka, saura makonnin da sabon direba yake yi a gefen gogagge kafin a sakar masa tirela. Wanda aka ba ni dattijo ne ɗan shekara 67, maganarsa ba yawa, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Shi ya kan ce mini "ɗana", ni kuma "Yallaɓai", a haka muka zauna har muka rabu.

Kwana uku ban taɓa sitiyari ba. Kullum da asuba sai ya miƙo mini tocila da guduma, mu zagaya motar. Taya 18, kowacce sai an bubbuga an ji sautinta. Mu leƙa inda kan mota ya kama bodi, mu shafa tiyo biyun nan na iskar da burki ke aiki da ita, ja da shuɗi, mu duba fitilu. Sannan a tara iska, a kashe inji, a taka burki a riƙe minti ɗaya ana kallon allurar ma'aunin iska. In ta sauka fiye da maki 4, motar nan ba inda za ta. Duk wannan yana cikin littafin jarrabawa, na kuma haddace shi. Abin da ban taɓa gani ba shi ne mutumin da ya shekara arba'in a kan hanya yana yin sa kamar yau ya fara.

Na gaji, na tambaye shi dalilin wannan zagayen. Bai ba ni amsa ba sai da dare, a wani wurin ajiye motoci a jihar Wayomin, iska tana jijjiga mu.

Ashe sojan ruwa ne a zamanin yaƙin Biyetnam. Ya shiga a 1968, aka tura shi jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi, cikin masu riga shunayya da ke zuba wa jirage mai. Ƙarar injinansu ce ta ci kunnensa. Ya ce kafin jirage su fara tashi, ana jera sojoji kafaɗa da kafaɗa, su taka dandamalin daga wannan kai zuwa wancan, ido a ƙasa, suna tsintar noti da guntun waya. Ƙaramin ƙarfe ɗaya in inji ya zuƙe shi, ya isa ya halaka jirgi da matuƙinsa.

Daga nan ya kawo zancen Forrestal, wani jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi. Ba a jirgin ya yi aiki ba, amma gobararsa ce aka horar da su a kanta. Ranar 29 ga Yulin 1967, a Tekun Tonkin, wata roka ta tashi da kanta saboda matsalar lantarki, ta fasa tankin man wani jirgi da ke jiran tashi. Cikin abin da bai kai minti biyu ba tsofaffin bama-bamai suka fara fashewa, suka kashe yawancin ƙwararrun 'yan kwana-kwana. Waɗanda suka rage ba su san aikin ba, wasu na fesa kumfa, wasu na wanke ta da ruwa. Mutum 134 suka mutu. Tun daga nan rundunar ta wajabta wa kowane sojan ruwa koyon kashe gobara. Ya ce da ni, "Ɗana, babu wanda ya tashi da niyyar kashe kowa ranar nan. Sauri ake yi."

Maganar ta shige ni, amma ban riƙe ta yadda ya kamata ba. Wata biyu bayan an ba ni mota, ofis ya matsa mini a kan wani lodi, na tashi ban zagaya ba. A gangaren Dona, kan hanyar I-80 a jihar Kalifoniya, ƙararrawar iska ta fara kuka. Tiyo ne ya goge ya fashe, abin da hannu zai gano a daƙiƙa goma. Allah ya sa na samu gefen hanya kafin burki ya kama da kansa. Mota ce mai nauyin da ya kusa fam 80,000, kuma a gabana akwai ƙaramar mota da yara a baya. Har yau ina ganin kawunansu.

Na kira shi jikina yana rawa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaya ko an ji wa wani ciwo, na ce a'a. Sai ya ce wanda ke ofis ba shi zai taka burki ba, don haka ba shi zai ce mota ta tashi ba. Doka ta ba direba awa 11 na tuƙi cikin awa 14, sannan hutun awa 10, kuma ta hana a tilasta masa jan motar da ke da lahani. A ganina rabin aikin nan iya cewa "ba zan tashi ba" ne, kuma a wurinsa na ga ana faɗin haka cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba.

Ya ajiye aiki jim kaɗan bayan an maye gurbin littafin awoyi da na'ura a Disambar 2017. Da ya rasu, 'yarsa ce ta kira ni. Sojojin ruwa biyu suka naɗe tuta mai kusurwa uku suka miƙa mata, aka busa kakaki. A bakin maƙabarta tireloli sun yi layi, na ƙirga guda tara, galibin direbobin shi ya koyar da su. Da za mu watse, na ɗauko tocila a ƙarƙashin kujera, na fara daga tayar gaba ta hagu, inda yake farawa.