Darasin lissafi a zauren gidanmu

Tun bayan Sallah ƙarama muke tara yaran unguwa a zauren gidanmu da ke Mabera, kowace Asabar bayan la'asar. Ɗalibai uku daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke zuwa koya musu lissafi, ko sisi ba sa karɓa. To amma kabu-kabu ba ya ɗaukar mutum don Allah, ga alli, ga littattafan rubutu. Sai muka haɗa kai mu magidanta takwas, kowa naira 2,000 a wata.

Akwai wata yarinya mai tallan ƙosai, ba a taɓa cin ta a canji ba, amma da an rubuta 48 a raba gida 6 sai ido ya raina fata. Jiya malaminta ya zube mata marafan kwalba a tabarma, ya ce, "Ƙanwata, ga ƙosanki, raba wa mutum shida." Kafin in kurɓi shayi ta ce takwas-takwas. Wallahi har da tafi na yi, ni da furfurata.

Watan nan mutum biyu ba su kawo nasu ba, na dai cike daga aljihuna. Allon ma ya tsage.