Batirin caji da cajarsa

Gaskiya tunda na koma batirin caji a rimot da tocila da kayan wasan yara hankalina ya kwanta, amma abin da na lura shi ne mutane batirin kawai suke dubawa, caja kuwa duk wadda aka miƙo musu shikenan, alhali ita ce ke kashe batiri tun kafin lokacinsa. Ka nemi wadda ke cajin kowane batiri shi kaɗai, kowane gurbi da ƴar fitilarsa, in ya cika ta yanke wuta da kanta. Irin waɗanda sai ka sa biyu-biyu kafin su fara aiki ɗin nan, ɗaya ya cika ɗaya bai cika ba ita ko a jikinta, ka taɓa ka ji batiri ya yi zafi rau.

Sannan kar lamba ta ruɗe ka. Batirin caji mai girman AA na NiMH (sunan sinadarin da ke cikinsa ke nan) mai kyau daga 1900 zuwa 2500mAh yake, mAh ɗin shi ne ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, in ka ga an zabga 4000 a jiki to zuƙi ta malle ce. Ni na fi son masu riƙe caji in an ajiye su, irin su Eneloop, wata da watanni a durowa ka ɗauko suna aiki abinsu.

Batiran NiMH volt 1.2 suke bayarwa, ba 1.5 irin na batirin da ba a cajinsa ba, shi ya sa wasu na'urorin ke nuna batiri ya kusa ƙarewa alhali da sauransa. Kuma don Allah kar a sa batirin alkalin, wato wanda ba a cajinsa, a caja, yoyo yake yi ko ma ya fashe.